Fuskar da Aka Ara wa Zumbi

A zamanin bauta a Burazil, mai gonar rake ake zana wa hoto a rataya a bango. Bawan da ya yi tawaye kuwa, ba a neman fuskarsa sai don a tsorata 'yan uwansa da ita.

Abin da ya faru da Zumbi ke nan, shugaban ƙarshe na Palmares, ƙasar da bayin da suka tsere suka kafa cikin duwatsun arewa maso gabashin Burazil. Kusan shekara ɗari tana tsone wa Turawa ido, kafin a ci babban garinta da yaƙi a 1694. Ranar 20 ga Nuwamba, 1695, aka kashe Zumbi, aka sare kansa, aka kafe shi a bainar jama'a a birnin Recife don a rufe bakin masu cewa ba ya mutuwa. Har ya bar duniya ba wanda ya zana shi.

A 1927 mai zane Antônio Parreiras ya zana shi tsaye riƙe da bindiga, amma kamannin daga zuciyar mai zanen suka fito. Wanda ya fi taɓa ni shi ne mutum-mutumin da aka kafa masa a Rio de Janeiro a 1986. Da aka rasa fuskar da za a ba shi, sai aka kwaikwayi wani kan tagulla na Ile-Ife, cikin waɗanda aka tono a 1938, wanda ke ajiye a gidan tarihi a Landan. Mai bin diddigi zai ce akasarin mutanen Palmares daga yankin Angola aka kwaso su, ina ruwansu da Ife? Gaskiyarsa. Amma ni a ganina an yi daidai, domin mutumin da aka wulaƙanta kansa a kan sanda, kan sarki ya dace a mayar masa.

Mu ma Hausawa muna da namu a Burazil. Hausawa ne suka shirya tawayen Bahia na 1807, kuma a boren Musulmi na 1835, cikin watan azumi, akwai Malam Dandara, Bahaushe mai sayar da taba wanda ke karantar da 'yan uwansa. Sunansa ya iso mana ta takardun shari'ar waɗanda suka tuhume shi, amma fuskarsa ba ta iso ba. Masu zanenmu na Kano da Zariya, ga aiki nan yana jiran ku.