Inci Uku a Spalding, Rabin Reza a Kadawa

Ƙasar noman da ta kewaye garin Spalding, a gundumar Lincolnshire ta gabashin Ingila, shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu babu dutse, an tsattsaga ta da miƙaƙƙun hanyoyin ruwa iya ganin ido. Duk mutumin Kura ko Bunkure da ya sauka nan zai ji kamar ya taɓa zuwa. Sai dai su fitar da ruwa suke yi, mu kuwa shigo da shi muke yi. Dausayi ne da aka daɗe ana tsane shi, kuma cikin waɗanda suka yi suna a aikin tsane fadamun gabashin Ingila a ƙarni na 17 akwai injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden. Mu ma 'yan Holan ne, na kamfanin NEDECO, suka tsara mana aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya dogara da madatsar Tiga da Gwamna Audu Bako ya assasa, aka gama ta a 1974. Ruwa ya baro Tiga, ya ratsa Ruwan Kanya, ya gangaro ta babban kanal da ƙafarsa, ya rarrabu a gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Nan kabeji ake nomawa da dankalin Turawa da furanni, can tumatir da albasa da alkama da shinkafa. Ko'ina cikin biyun manomi ba ya rabuwa da abin yanka. Inda aka sha bamban shi ne wanda ake bari ya kwana a aljihu.

A Ingila doka ce ta yanke girman wuƙar aljihu. Sashe na 139 na dokar hukunta laifuka ta 1988 ya hana yawo da abu mai kaifi ko mai tsini cikin jama'a, sai fa wuƙa mai naɗewa wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.6. Daga baya kotu ta ƙara da cewa in wuƙar tana da makullin da ke riƙe ta a buɗe, to ta fita daga wannan rangwamen, komai ƙanƙantarta. Wanda aka samu da wata iri dabam, shi zai kawo hujja: ko ta aikinsa ce, ko ta addini kamar ta mabiya addinin Sikh, ko ta kayan gargajiya kamar wadda mutanen Sikotilan ke sokawa a safa. In babu hujja, hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 4.

Saboda haka lebura mai yankan kabeji yana wuni da doguwar wuƙa a hannu, amma da an tashi aiki sai ya bar ta a gona. In ta biyo shi kanti a cikin jaka, hujjar aiki ta yi rauni. A masana'antun da ake wanke kayan lambu ana ɗurawa a leda abin ya fi haka tsanani. Ba ka shiga da taka wuƙar. Ta kamfani ake ba ka, mai lamba, ka sa hannu ka karɓa, ka sa hannu ka mayar, a duba ko bakinta ya ɓalle. Wuƙar nan mai baki gaɓa-gaɓa da ake karyawa in ya dakushe an hana ta shiga sam, don kada ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa cikin abinci.

Akwai abin dariya a dokar makullin nan. Duk wanda ya taɓa huda tiyo ko buhu da wuƙa mai naɗewa ya san cewa mara makullin ita ce mai rufewa a kan yatsu. Wato wadda ta fi aminci ga mai ita ce aka hana shi ɗauka. Masu dokar ba yatsun mai wuƙa ne a gabansu ba, cikin wanda za a iya soka suke dubawa, kuma a ƙasar da labarin yara masu sukar juna ba ya yankewa a jaridu, ban ga laifinsu ba.

Abin da ya rage a aljihun Bature, in ma akwai, shi ne 'yar jar wuƙar Suwizalan da ake maƙalawa a jikin makullai. Kamfanin Victorinox ke yin ta, wanda Karl Elsener ya kafa a garin Ibach a 1884. Ƙaramar cikinsu, in an naɗe ta, tsawonta milimita 58 ne, bakin kuwa wajen santimita 4. Tana ɗauke da ɗan almakashi, da magagarin farce, da tsinken sakace, da matsefata. Aikinta buɗe kwalin saƙo, da tsinke zaren da ya zazzago a riga, da cire tambarin kuɗi a jikin sabon takalmi. Kuma hakan ya isa, domin a nan burodi a yanke yake zuwa, nama a yanke, albasa ma in ka so a yanke za ka saya. Wani ya riga ya yi yankan a masana'anta da wuƙa mai lamba. Ko wannan 'yar mitsitsiyar ba ta tsira ba: bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga jirgi da wuƙa, cinikin kamfanin ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, kuma a 2024 shugabansa ya bayyana cewa suna shirya wata wadda babu bakin wuƙa a jikinta ko kaɗan.

Na taɓa kai wa wani kawuna irinta tsaraba. Ya jujjuya ta, ya gwada bakin a bayan farcensa, ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗana. Amma wannan ai ta yankan farce ce." Matsefatar ce ta fi burge shi, saboda ƙaya.

A wajenmu wuƙar aljihu ta gaskiya reza ce. Akwai masu ɗaukar ƙaramar wuƙar maƙera a cikin kube, akwai masu mai naɗewa ta kanti, amma wadda ba a rasa ta a aljihun manomi ko a naɗin hularsa ita ce reza, sau da yawa rabi, an karya ta tana cikin takardarta, an mayar an nannaɗe. Kuma aikin da ƙaramin baki ke yi a gonar rani ba babban aiki ba ne, aikin tsakanin ayyuka ne, wanda in babu shi babban ya tsaya.

Ɗauki buhun taki. Bature yana tsarge ledar takinsa ya jefar. Mutumin Kadawa kuwa tsinin reza yake sawa a bakin ɗinki, ya tsinke zare ɗaya, ya ja, ɗinkin ya warware tas, buhu ya fita lafiya. Wannan buhun zai ɗauki shinkafa, in ya tsufa a farke shi a haɗa da 'yan'uwansa da basilla a yi shimfiɗar shanya, zaren ma a aljihu zai kwana. Babbar wuƙa ɓarna take yi a nan. Haka wajen masu injin ban-ruwa: tsohuwar robar cikin taya ake tsagawa siri-siri a ɗaure mahaɗar tiyo inda take yoyo, kuma babu abin da ke tsaga robar nan sumul kamar sabuwar reza. Da ita ake kankare baƙin da ya taru a bakin fulogi, a feɗe waya, a datse igiyar ɗaure kwandon tumatir. Da ita ake tsaga karan masara a ga ko tsutsa ta shiga. A 2016, shekarar da ƙwaron da manoma ke kira sharon ya cinye tumatirin Kano, tumatir kan yi kyau a ido, sai an tsaga a tarar da ɓarnar a ciki. Masu aurar da mangwaro da gwaiba su ma siririn baki suke so, wanda zai yanka reshe shafe ɗaya ba tare da ya dagargaza ɓawo ba, don tsagin biyu su haɗu su kama.

Daga gona kuma ta biyo mutum gida. Malam ya fiƙe alƙalaminsa, ɗan firamare ya fiƙe fensir, ranar Juma'a a yanke farce.

Iyakarta kuwa tumatir ɗin nan ne dai yake fara nuna ta. In kaka ta yi kaka, kwanduna suka yi yawa a Kwanar Gafan har kuɗin kwando ya kasa biyan kuɗin mota, sai a koma yankan kauɗa: a raba tumatir a shanya, ka ga gefen titin Kano zuwa Zariya ya yi ja wur. Ko bayan buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016, wannan aikin bai tsaya ba. Mai yankan kauɗa yana son bakin da ya fi tumatirin tsawo, mai ƙota da za ta cika hannu, ya ja sau ɗaya ya wuce. Wanda ya ce da reza ko da 'yar Suwizalan zai yi, kafin ya gama kwando ruwan tumatir ya sa ta santsi, yatsunsa sun sha yanka, tsami yana shiga. Kankana ta fi ƙarfinta, rake ya fi ƙarfinta. Shinkafa da alkama sai lauje, kacalar da ke toshe hanyoyin ruwa sai adda. Kuma ƙaramin baki ba ya jure banƙara: ranar da aka sa shi kwance noti ko ɓalle murfin gwangwanin maganin feshi, ranar tsininsa ke karyewa.

Iyakar da ta fi kowace nauyi ita ce ta yanka. Abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suke karantarwa shi ne a yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya biyu, ta gaba, ba tare da an ɗauke hannu kafin a gama ba, kuma a wasa wuƙa tun da wuri don a hutar da dabba. Akuya kan ci abin da bai karɓe ta ba a gona, cikinta ya kumbura, a zo ana gaggawar yanka ta kafin ta zama mushe. A wannan lokacin ne mai 'yar wuƙar santimita 4 yake gane ba shi da wuƙa. Tsoffin manoma da makiyaya da ke rataye da mai kube ba don ado suke yi ba. Musulmin Ingila wannan matsalar ba ta same shi ba, don doka ta ce yankan addini sai a mayanka mai lasisi. Layyarsa ma ta hannun mahauci take biyowa, a kawo masa nama a leda.

Inda nake ganin Turawa sun fi mu gaskiya shi ne tsabtar baki. A gidajen gilashin da suke noman tumatir, wuƙar datse reshe ana tsoma ta a maganin kashe ƙwayoyin cuta, don sun san baki ɗaya yana iya kwasar cuta daga tushe guda ya raba wa layi. Mu kuwa reza ɗaya ta yanke farcen uba, ta cire wa ɗa ƙaya, ta koma takarda. Mai yankan farce na kasuwa ya gama da wannan ya kama wancan. Ciwon hanta ta jini yake bi, kuma tsohuwar reza a kan cibiyar jariri hanya ce ta ciwon tetanus, wanda ke daskarar da haƙora. Abin takaicin shi ne babu abin yanka mai arha kamar reza. Wadda aka yi don a yi aiki da ita sau ɗaya a yar, ita muka fi riritawa.

Su kuma sun yi asarar hannu. Yaron Bunkure ɗan shekara goma ya san ba a jan wuƙa ta nufo jiki, ya san ana miƙa ta da ƙota, ya san yadda ake wasa ta a kan dutse da ɗan ruwa. Wuƙar maƙeranmu, wadda ake bugawa daga tsohon ƙarfen mota, tana tsatsa kuma tana dakushewa, amma shafa kaɗan ta dawo. A Ingila kuwa sai ka ga babban mutum da aljihun tebur cike da dakusassun wuƙaƙe, in ta ƙi ci ya sayo sabuwa. Japan ma ta bi wannan hanyar: 'yan makarantarsu da 'yar wuƙa mai naɗewa da ake kira higonokami suke fiƙe fensir, har sai da wani matashi ya soke ɗan siyasa Inejiro Asanuma a 1960, aka yi gangamin raba yara da wuƙa.

Kada kuma mu ɗauka abin ya tsaya a ƙasashen waje. Tsakanin Kura da birnin Kano tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, amma faɗan daba da ƙwacen waya sun sa wuƙar da take kayan aiki a bakin kanal ta zama abin tuhuma a cikin gari. Manomin Spalding yana da lambar da zai tsaya a kanta: inci 3, babu makulli, ya wuce. A wajenmu fuska ake aunawa, da shekaru, da irin aski, da lokacin da aka gan ka. Dattijon da ya rako kwandunansa kasuwar 'Yan Kaba da wuƙa mai kube a ƙugu, gaishe shi za a yi. Yaron da ya yi masa lodin kwandunan tun asuba, in aka laluba aka samu wadda ba ta kai rabin ta dattijon ba a aljihunsa, sai an zo daga Bunkure an yi belinsa.