Motar Kara, Injin Ban Ruwa da Ilimin da Ba a Rubuta ba

A shekarar 1902 wani ɗan jarida mai suna Henry Haven Windsor ya kafa mujallar Popular Mechanics a birnin Chicago na Amurka. Ita da takwararta Popular Science, wadda ta fara fitowa a 1872, sun shafe shekaru suna buga zane da awo na abin da mutum zai iya haɗawa a gida: rediyo, kwalekwale, ƙaramin injin wuta. A 1913 aka tattara irin waɗannan ayyuka guda 700 a littafin The Boy Mechanic. Har yau dattawan injiniyoyi a can suna begen waɗannan shafuka, domin sun ɗauki mai karatu a matsayin wanda zai iya ƙera abu da hannunsa, suka ba shi tsawo da faɗi da jerin kayan aiki, suka bar masa sauran.

Yaron da ya tashi a Kura ko Bunkure bai gaji irin wannan mujalla ba, amma ya gaji sha'awar. Da karan dawa da ɓargonsa yake haɗa mota, da gwangwanin madara da tsohon silifa yake yi mata taya. Sannan ya girma a tsakiyar wani babban aikin injiniya na jihar. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma daga can ruwa ke gangarowa ta babbar magudana ba tare da inji ba, ya rarrabu zuwa gonakin Kadawa da kewaye, a shirin da aka tsara wa kimanin hekta 22,000. Manomi kan cika lanƙwasasshen bututu da ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya sake shi a ƙasa da matakin magudana, ruwa ya hau ya sauka da kansa. Darasin kimiyya ne sukutum, ko da ba wanda ya kira shi haka. Inda magudana ba ta kai ba, injin fetur ya maye gurbin jigo, kanikawa da masu walda suka ƙware wajen gyaransa da ƙera injin casar shinkafa.

Hannu dai akwai, rubutu ne babu. Madaba'ar Gaskiya ta Zariya da hukumar NORLA a shekarun 1950 sun nuna cewa Hausa na iya ɗaukar ilimin aiki, kuma masu faɗakar da manoma na Samaru sun daɗe suna buga ƙasidun noma. Amma ƙirar da bakanike ya gano a rumfarsa tana zaune ne a kansa da kan yaransa. Ranar da ya rasu, ko ya bar sana'a, wani sai ya fara daga tushe.

An ga illar wannan bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023. Da tsada ta yi yawa, masu noman rani da dama a Arewa suka mayar da injinansu masu amfani da gas ɗin girki, ta hanyar sauya kabureta da jona tiyo zuwa tukunyar gas. Dabara ce mai kyau, ta kuma bazu da baki da bidiyon waya. Sai dai bidiyo yana nuna hannu yana aiki, ba ya tsayawa ya faɗi wane irin tiyo ne ke jure gas, ko tazarar da ta kamata tsakanin tukunya da salansa mai zafi. Shafi ɗaya mai zane da awo zai faɗi wannan, a manna shi a bango, wani ya gyara kuskurensa a fitowa ta gaba.

Rubutu ne kuma ke kai dabara nesa. William Kamkwamba na Malawi ya haɗa injin iska mai ba da wuta yana ɗan shekara 14, bayan ya ga hotonsa a littafin laburare. Tukunya cikin tukunya da Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan lambu ta zaga duniya bayan an rubuta yadda take aiki, har ta samu lambar Rolex a 2000.

Kanikawan Kura da Bunkure suna da abin da zai cika mujalla wata-wata. Abin da suke jira shi ne injiniya ko malamin kwalejin fasaha da zai zauna a rumfarsu da ma'auni da takarda, ya rubuta da Hausa, ya sa sunan mai ƙirar a sama.