Mussar Da Ta Bar Gadin Rumbu

A Madarumfa, kudu da birnin Maraɗi, mussa ba ta rasa abin ci. Masunta na fitowa da tarwaɗa da ƙarfasa daga tabki, kayan cikin kifi kuwa na mai rabo ne. Shi ya sa hankalin wata tsohuwa ya tashi a ƙarshen kaka, da ta ga tata mussar ta shinshina kan kifi ta juya baya.

Shekara goma ke nan dabbar tana gadin rumbu, ba a taɓa jin motsin kusu cikin damman hatsi ba. Yanzu ga ta kwance ƙarƙashin randa, gashi ya yamutse, haƙarƙari a fili. Kamar yadda aka saba, kowa a unguwa ya zama likita. Wata ta ce baki ne ya kama ta. Wani ya ce ta ci kusun da ya ci guba, wanda ba zancen banza ba ne, don irin wannan guba na iya sa jini ya tsiyaya a cikin ciki, dasashi ya yi fari. Jikanta kuwa ya zaro ƙwayar farasitamol daga aljihu ya ce: "Kaka, a ba ta rabi mana." Allah ya sa ta hana. Hantar mussa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya guda ta isa ta kashe ta.

Kwana na uku ta sa yaron ya kira wani ma'aikacin kiwo, mutumin da ya fi sabawa da awaki da shanu. Kafin ya taɓa dabbar sai ya tambaya ko tana dalalar da miyau, ko ta ciji wani, domin ciwon haukan kare yana kama mussa, ita ma tana iya sa wa mutum. Da aka ce a'a, ya buɗe bakinta yana neman ƙayar kifi ko ruɓaɓɓen haƙori. Babu. Ya duba ƙarƙashin wutsiya ko zai ga gutsattsarin tsutsa masu kama da shinkafa, waɗanda ake samu ta hanyar ƙuma ko cin ɓeraye. Nan ma babu.

"Inna, yaya shan ruwanta?"

Tsohuwa ta yi shiru, sannan ta tuna cewa tun damina mussar ba ta rabuwa da bakin randa, fitsari kuma ba iyaka. Ta ɗauka zafi ne. Mutumin ya ce alamu sun fi karkata ga ƙoda, ciwon da ya yawaita ga tsofaffin mussoshi, ko da yake ciwon suga ma haka yake farawa, sai gwajin jini ke raba su. Ya ƙara da cewa mussa dabba ce mai ɓoye ciwo, kuma in ta yi 'yan kwanaki ba ci, kitse kan taru a hantarta, cuta ta zama biyu.

Ƙodar da ta lalace ba ta komawa daidai. Tsohuwa ta ajiye mata ƙwaryar ruwa kusa, tana dafa kifi ta cire ƙaya ta ba ta kaɗan-kaɗan da yatsa. Ranar Juma'a, da ta hau rumbu ɗaukar dami, ta tarar da kashin kusu a kan zangarniya. Da marece ta aiki jikan nata gidan maƙwabta, inda aka ce wata mussa ta haifi huɗu.