Wahalar Da Ke Gaban Rigar Rawaya

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1980 wani saurayi ɗan shekara 20, mai suna Stephen Roche, ya sauka birnin Faris daga Dablin ta ƙasar Ailan, da kekensa da jakar tufafinsa. Ya baro aikinsa na gyaran inji a wata masana'antar madara, don ya shiga ƙungiyar tseren keke ta ACBB da ke unguwar Boulogne-Billancourt. Kamar yadda shi kansa ya ba da labari daga baya, babu wanda ya zo tarbarsa, kuma da ya kai ofishin ƙungiyar sai ya iske ƙofa a kulle. Ba ya jin Faransanci, dare ya yi, ga sanyin hunturu. A nan bakin ƙofa ya kwana.

Mai karatu zai yi mamakin abin da zai sa mutum ya bar albashi ya zo ya kwana a ƙofar wasu. Dalili shi ne, a wancan zamani manyan ƙungiyoyin da ke biyan mahaya albashi suna Faransa da Beljiyam da Italiya da maƙwabtansu. Yaron da ya tashi a Ailan ko Ingila ko Ostareliya, ko da ya cinye duk tseren ƙasarsa, ba wanda zai dube shi sai ya ƙetara ya gwada kansa cikin 'yan sha'awa, watau mahayan da ba su kai ga albashi ba tukuna. Ta wannan ƙofa ta ACBB Shay Elliott na Ailan ya bi a 1955, haka Phil Anderson na Ostareliya a 1979, wanda shekara biyu bayan haka ya zama mutum na farko daga wajen Turai da ya sa rigar rawaya ta jagoran tseren Tour de France.

Jama'a sun san rigar, amma ba su san ɗakin da aka fito ba. Samari uku ko huɗu ne a gida ɗaya, kowa da kekensa jingine da bango. Su ne masu girki, abincin kuwa bai wuce taliya da shinkafa ba. Da hannu kowa ke wanke gajeren wandonsa na ulu mai faci na fata a tsakiya, domin in ya yi sake datti ya zauna, maruru zai fito masa daidai wurin zama, ya raba shi da sirdi mako guda. Da safe a yi tafiyar horo ta awa huɗu ko biyar, da rana a wanke keke, a sa wa sarƙa mai. Daga nan kuma sai zaman kallon bango, gama an hana su yawo don kada ƙafa ta gaji. Wannan zama ya kori samari da yawa waɗanda hawan dutse bai kora ba.

Tafiyar horon ma ba ta rasa nata tsautsayi. Baƙo kan ɓata a ƙauyukan da ba ya iya tambayar hanya. Wani ya fita da ɗan abin da bai isa ba a aljihu, yunwa ta kama shi nesa da gida, jiri ya ɗebe shi, har feda ta gagare shi juyawa. Tayar tsere kuwa ɗinkakkiya ce da tiyub a ciki, da gam ake manna ta jikin ƙafar keke. In aka yi rowar gam, ko aka hau kafin ya bushe, sai ta saɓule a kan kwana, mahayi ya sha kwalta. In ta yi faci, sai a farke ɗinkin da dare, a liƙe, a mayar da allura da zare, don sabuwa ta fi ƙarfin aljihu.

Amma abin da ya sami Roche ya fi waɗannan ban takaici. A bazarar 1980 ya ci tseren Faris zuwa Roubaix na 'yan sha'awa, wanda ke bi ta tsofaffin hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, ya bar Dirk Demol na Beljiyam a matsayi na biyu. Ɗan Ailan bai taɓa cin wannan tsere ba kafin shi. Saura wasannin Olimfik na Masko, waɗanda dominsu ya yi shirin duka. Sai wani ɗan ƙarfe ya ɓata al'amarin. A zamanin ana kafa shi ne a ƙarƙashin takalmi, yana da tsaga da ke kama bakin feda, sa'an nan a ɗaure ƙafa da maɗauri. In ya karkace ko da kaɗan ne, gwiwa ce za ta riƙa murɗewa a kowane juyi. Mahayin da ke juya feda sau 90 a minti, cikin awa biyar ya yi juyi 27,000. Na Roche bai zauna daidai ba, gwiwa ta yi ciwo, ya ƙare na 45 a Masko.

Shi dai ya farfaɗo. Ya koma Faransa ya yi ta cin tsere har ƙungiyar Peugeot ta ɗauke shi da albashi a 1981, kuma a 1987 ya haɗa Tour de France da zagayen Italiya da gasar duniya a shekara guda, abin da Eddy Merckx kaɗai ya riga shi yi, a 1974. Sai dai kuskure ne a auna sauran da shi. Ɗan ƙasarsu Paul Kimmage ya bi wannan ƙofa a 1984, zaman bai yi masa daɗi ba, ya sake gwadawa a arewacin Faransa, ya sami albashi a 1986. A 1989 ya sauka daga keke ana tsakiyar Tour de France, ya koma aikin jarida, ya rubuta littafin Rough Ride a 1990, inda ya fallasa shan ƙwayoyin ƙara kuzari a cikin sana'ar. Da yawa daga abokan hawansa na da suka daina yi masa magana.