Birno, Garin Da Aka Ƙirga Wake Aka Gano Sirrin Gado

Da na kira Inna daga Biyana na ce mata gobe zan leƙa Birno, sai ta ce, "Haba ɗan nan, ka dawo gida ka huta tukuna mana, sannan ka kama hanyar Maiduguri." Da ƙyar na fahimtar da ita cewa wannan Birno ba ta Shehu ba ce. Birni ne a Jamhuriyar Cek, shi ne na biyu a girma bayan Firag, kuma jirgin ƙasa daga Biyana babban birnin Ostiriya ba ya wuce awa ɗaya da rabi ya kai mutum. Ta tambayi abin da zai kai ni. Na ce zan je ganin lambun wani mutum da ya shuka wake. Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya kyauta.

Shekarata goma sha biyar ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma babu shekarar da ban rubuta sunan Gregor Mendel a kan allo ba. Na zana wa ɗalibai akwatin nan mai gida huɗu har hannuna ya san hanya ko da idona a rufe. Amma a raina mutumin suna ne kawai a littafi, kamar sauran sunayen da ake haddacewa don jarrabawa. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Biyana shi ya tayar da maganar. "Malam," ya ce, "kai da ka dame mu da Mendel, ga gidansa nan kusa, ba za ka je ka gaishe shi ba?" Shi ya sayi tikiti, shi ya raka ni.

Mun sauka da hantsi, cikin watan Yuni. Muna hawa tudun da babbar majami'ar garin take sai ƙararrawa ta ɗauka. Na duba agogo, ƙarfe sha ɗaya. Ashe a Birno da sha ɗaya ake kaɗa ƙararrawar tsakar rana. Labarin da suke bayarwa shi ne, a 1645 sojojin Suwidin sun yi wa garin ƙawanya, kwamandansu ya ce in rana ta take bai ci garin ba zai janye, sai mai kaɗa ƙararrawa ya riga lokaci da awa guda, abokan gaba suka kwashe kayansu. Shekara kusan ɗari huɗu ke nan ba su gyara ba. Tun daga nan na san na shigo garin da ba ya wasa da abin da ya gada.

Taragon cikin gari ya sauke mu a dandalin da ke ɗauke da sunan Mendel. Gidan ibadar ruhubanawan Agustinawa yana nan gefe, majami'arsa ta jan bulo, maƙwabcinsa kuwa kamfanin giya ne, wanda warin tsiminsa ya sa na ƙara sauri. Muka shiga ta ƙofa, sai ga lambu. Na tsaya ina neman sauran. Filin da ake nuna wa baƙi a jikin bango bai wuce mita 35 a tsawo da mita 7 a faɗi ba. Wallahi garkar kakata a ƙauye ta fi shi. Amma ciyawa a share, itatuwa a gyare, mutum-mutumin Mendel na farin dutse da aka sassaƙa a 1910 yana tsaye, yara 'yan makaranta suna zaune a ƙasa malamarsu tana musu bayani, babu mai hayaniya, babu mai tsinke fure.

Mendel ɗan manomi ne. An haife shi a 1822 a wani ƙauye a yankin Silesiya, gidan talakawa, kuma karatunsa ya kusa tsayawa saboda rashin kuɗi. Ƙanwarsa Theresia ce ta ba shi wani kaso na abin da aka tanadar mata don aure ya ci gaba. Bai manta ba, daga baya shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku. Wannan ya fi komai taɓa ni a tarihinsa, domin zumunci ne irin wanda muka sani. Ya shiga gidan ruhubanawan a 1843, shugaban gidan, Cyril Napp, mutum mai son ilimi da sha'awar kiwo da noma, ya tura shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, inda ya yi karatun fiziks a hannun Christian Doppler. Sau biyu ya zauna jarrabawar samun takardar malanta, sau biyu bai samu ba. Na gaya wa ɗalibina wannan ina dariya, ya ce, "Malam, da ka faɗa mana haka tun muna aji biyar da hankalinmu ya kwanta."

Abin da ya shuka shi ne waken nan na Turawa mai zagaye, kore, wanda ake zubawa a soyayyar shinkafa. Zaɓin ba na kasada ba ne. Furen wannan wake yana ɗauke da namiji da mace a cikinsa, yana barbarar kansa tun kafin ya buɗe, don haka iri ba ya gaurayuwa sai in mutum ya sa hannu. Mendel ya tara iri 34, ya yi shekara biyu yana gwada su don ya tabbatar kowanne yana haifar irinsa, ya ware 22. Sannan ya zaɓi siffofi bakwai masu fuska biyu-biyu, irin su ƙwaya mai santsi ko mai yamutsewa, rawaya ko koriya, fure ja-ja ko fari, kara dogo ko gajere. Sai ya riƙa buɗe fure tun yana ƙunshe, ya cire sashen namiji da ɗan hantsaki, ya ɗauko ƙurar furen wani tsiron ya shafa, ya ɗaure da 'yar jaka don kada ƙwaro ya ɓata masa aiki. Fure ɗaya bayan ɗaya. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi haka, tsiro kimanin dubu 28. Duk wanda ya taɓa sunkuyawa a gonar wake da rana zai san abin da bayan mutumin nan ya sha.

Kafin shi, abin da aka ɗauka shi ne gado kamar haɗa fura da nono yake, in aka dama babu mai sake raba su. Mendel ya haɗa mai santsi da mai yamutsewa, 'ya'yan farko duk suka fito da santsi, kamar yamutsewar ta mutu. Ya bar waɗannan suka barbari kansu, sai ga ta ta dawo a jikoki, sumul yadda take. Manoma da makiyaya sun daɗe suna ganin irin wannan, mu ma muna cewa yaro ya tsallake uba ya ɗebo kaka. Bambancin Mendel ɗaya ne: ya zauna ya ƙirga. Ƙwaya 5,474 masu santsi, 1,850 masu yamutsewa. Rawaya 6,022, koriya 2,001. Dogo 787, gajere 277. Ko'ina uku da ɗaya. Daga nan ya gane cewa kowane tsiro yana ɗauke da ƙwayar gado biyu ta kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, wata mai rinjaye wata mai lafewa, kuma mai lafewar ba ta narkewa, jira take ta haɗu da 'yar uwarta ta bayyana. Bai taɓa ganin ƙwayar ba. Madubinsa na ƙara girman abu yana nan a gidan tarihin da ke cikin gidan ibadar, tare da tabaransa da kwafinsa na littafin Darwin da ya yi wa alamomi a gefe, kuma madubin ba zai iya nuna masa ita ba. Da lissafi ya gan ta.

A gaban waɗannan alƙaluma tunanina ya koma gida. Akwai wata yarinya a ajina shekarun baya, mai ƙoƙari, wadda duk lokacin sanyi sai kujerarta ta zauna wayam na makonni. Sikila ce. Iyayenta lafiyarsu ƙalau, shi ya sa dangi suka yi ta zargin iska da sammu. Alhali kowannensu AS ne, yana ɗauke da ƙwayar a lafe, kamar waken nan mai santsi da ke ɓoye yamutsewa. In irin waɗannan biyu suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, biyu AS, ɗaya AA. Kuma kowane ciki da ƙuri'arsa, ba wai in an haifi ɗaya mai ciwon sauran ukun sun tsira ba ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo, kuma ƙwayar ta yawaita a wurinmu ne saboda mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Takardar gwajin jinin da yanzu ake nema kafin ɗaurin aure, asalin hujjarta tana cikin wannan ɗan lambu.

Muka huta a sabon ɗakin gilashin da aka gina a gurbin na Mendel, wanda guguwa ta lalata a 1870. A nan ɗalibina ya tuna mini abin da na karanta na manta. A 1990 masu bincike a Cibiyar John Innes da ke Ingila suka gano dalilin yamutsewar ƙwayar. Ganye yana jan iskar kabon daga sarari, saiwa ta kawo ruwa, koren sinadarin ganye ya kama hasken rana ya haɗa su ya zama sukari, ya saki iskar da muke shaƙa. Tsiro yana mayar da sukarin sitaci ya ajiye a ƙwaya, guzurin ɗan da zai tsiro. A cikin wake mai yamutsewa, ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadari mai gina sitacin ta samu tangarɗa, sai sukari ya taru, ƙwayar ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta yamutse. Shi ya sa ma ta fi zaƙi. Mu kuma in muka ci, ƙwayoyin jikinmu su ƙona sukarin da iskar numfashi su sami ƙarfi, kabon ɗin ya fita ta hancinmu ya koma sarari, wani ganyen ya sake kama shi. Darussa uku da nake koyarwa a zango uku daban-daban, ga su a cikin ƙwayar wake guda. Na ji kunyar kaina kaɗan.

Ƙarshen labarinsa ba mai daɗi ba ne. Ya gabatar da sakamakonsa ga ƙungiyar masana halittu ta Birno ranar 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris na 1865, aka buga a 1866, duniya ta yi kamar ba ta ji ba. Babban masanin tsirrai Carl Nägeli na Munik, wanda ya yi ta rubuta wa wasiƙu, ya ƙarfafa masa gwiwar gwada wata ciyawa wadda, ba tare da saninsu ba, tana yin iri ba tare da barbara ba, lissafin ya ƙi fita. A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan, mulki ya cinye lokacinsa, ya ƙare yana jayayya da gwamnati kan haraji, yana kiwon zuma yana rubuta yanayin sama kullum. Ya rasu ranar 6 ga Janairu 1884, aka ƙone yawancin takardunsa. Sai a 1900 masana uku, Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak, suka ci karo da aikinsa. Daga baya wani masanin ƙididdiga, Ronald Fisher, ya ce a 1936 alƙaluman sun yi kyau fiye da kima, aka yi ta muhawara. Ni dai abin da na sani, an sake gwajin a ƙasashe da yawa, uku da ɗayan nan bai canja ba.

Birno kanta ta taɓa juya masa baya. Bayan 1948, lokacin mulkin kwaminis, koyarwar Lysenko ta Tarayyar Sobiyet ta haramta ilimin gado irin na Mendel, aka rufe gidan ruhubanawan a 1950, aka ɗauke mutum-mutuminsa daga dandali aka shigar da shi ciki. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɓoye wannan ba, suna faɗa da bakinsu. Yau akwai jami'a sukutum mai sunansa a garin, gidan tarihin kuma yana hannun Jami'ar Masaryk. Gab da cikarsa shekara 200 da haihuwa, a 2021, har kabarinsa suka buɗe suka karanta DNA ɗinsa. Wannan kam ban san yadda zan ji da shi ba, mu matattu barinsu muke yi su huta, amma na fahimci cewa a wurinsu girmamawa ce.

Mun koma tasha da yamma, rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe tara. A jirgi na yi ta tunanin cewa wakenmu na gida shi ma barbarar kansa yake yi, kuma masu fitar da sabon iri a Samaru ta Zariya da hantsaki suke buɗe furensa, yadda Mendel ya yi. Ina dawowa na roƙi shugaban makarantarmu filin da ke bayan ɗakin gwaji, ya ba ni. Na auna shi da kaina, ya ɗara na Mendel da mita biyu a faɗi. Bana 'yan aji biyar ba za su haddace uku da ɗaya daga allo ba, da ruwa ya sauka za su shuka farin wake da ja, su ƙirga da hannunsu.