Masauki Mai Tsada A Bakin Harami

Duk wanda ya san Makka shekaru talatin da suka wuce, in ya koma yau, sai ya nemi ɗan jagora. Ganuwar Ajyad, wadda Turkawa suka gina a kan dutsen da ke kudu da Masallaci, an rushe ta a 2002, aka baje dutsen, aka kafa dogayen benaye a gurbinsa. Mafi tsawonsu shi ne mai agogo, wanda aka gama a 2012, tsawonsa mita 601. Daga yamma kuma ga na Jabal Umar. Galibinsu otal-otal ne, babbar hajar da suke tallatawa kuwa ita ce kusanci da Ɗakin Allah.

A goman ƙarshe na azumin 1444, wato 2023, wani attajiri daga cikin masu ɗaukar karatu wurina ya kama mini sashe guda a ɗaya daga cikinsu, Allah Ya saka masa da alheri. Falo ne da ɗakin kwana da makewayi biyu, ga kilishi mai nitsar da ƙafa. Kuɗin dare guda kuwa ya isa ya riƙe gida na wata da watanni. Ruwan zafi ya yi gardama kwana biyu, ba zan tsaya a kansa ba.

Ya kamata mai karatu ya sani ɗakunan nan mataki-mataki ne. Akwai mai kallon gari, akwai mai kallon Harami, akwai mai kallon Ka'aba, kowanne da farashinsa. Nawa an ce na kallon Ka'aba ne. Da na yaye labule, sai na ga rufin Masallaci da hasumiyoyi. Sai da na manne kumatuna da gilashi, na karkata wuya, sannan na hango wani sashe nata. Masu ɗawafi kuwa kamar tururuwa. Tagar ba ta buɗuwa, ko amon jama'a ba ya shigowa, sai muryar liman da ake sakowa ta lasifikar ɗaki.

Babbar wahalar tana wajen sauka. Da zarar salla ta gabato, dubban mutane ne ke neman na'urar hawa da sauka a lokaci guda. Ta tsaya a cike, ta wuce, wata ta zo a cike. In ka sauka kuma sai ka ratsa kantunan turare da agoguna kafin ka kai fili. Ran nan na isa na tarar 'yan sanda sun tare ƙofofi domin ciki ya cika, na yi Isha'i a farfajiya. Kusa da ni wani dattijo ne Banijare, masaukinsa can Misfala, da ƙafa ya tako, tun La'asar yake nan bisa dardumarsa.

Saboda wannan ne da yawa suke tsayawa a masallatan da aka keɓe cikin benayen, su bi limamin Harami ta lasifika. To, a nan akwai magana. Malamanmu na Malikiyya sun halatta koyi da liman ga wanda yake jin sa ko yake ganin sa, ko da hanya ta raba su, ko mamu yana bisa soro. Waɗansu malamai kuwa, musamman daga Hambaliyya, sun sharɗanta sahu ya haɗu ga wanda ke wajen masallaci. Haka kuma an yi saɓani game da ladan salla dubu ɗari, ko na Masallacin ne kaɗai, ko ya game hurumin Makka duka.

Juma'a kam ba ta shiga wannan rangwame a mazhabarmu, domin ba ta inganta a cikin gidajen da ake shiga da izini. Sai a Masallaci, ko farfajiyarsa da hanyoyin da ke haɗe da shi idan ya cika. Saboda haka ranar Juma'a tun hantsi na sauko da 'yar lemata.