Kiɗa a Kunne, Littafi a Hannu

Duk wanda ya daɗe a duniya har ya ga zamanin karatun dare da aci-balbal, ya kuma ga na yau da ake yi da hasken waya, ya san shiru ya yi tsada. A Kara da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo, a da in an idar da sallar isha gari kan yi tsit, sai kukan gyare da haushin kare daga nesa. Yanzu kuwa janareton mai cajin waya na ruri, mai injin niƙa bai tashi ba, 'yan gidan kallon ƙwallo na ihu, babura na kai da komo. Shi ya sa ɗalibi mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO, da budurwa mai bin littafin soyayya a waya, suke toshe kunne da iyafis su saki kiɗa, wasu na fina-finai, wasu irin na Turawan da, wanda ake yi da fiyano da goge. Ba na cikin masu cewa a fizge musu wayar. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, kiɗa yana da aiki ɗaya tak a wurin mai karatu, wato ya zama katanga tsakaninsa da hayaniya. Da zarar ya wuce nan ya fara neman a saurare shi, to ya zama kishiyar littafi.

Dalili kuwa a fili yake. Mai karatu ko bai buɗe baki ba, magana yake yi a zuci, yana jin kalmomin kamar ana faɗa masa su. In aka kawo wata maganar ta kunne, sai su haɗu a ƙofa ɗaya, ga shi kuwa ba a tauna taura biyu a lokaci guda. A 1989 wasu masana biyu, Pierre Salamé na Faransa da Alan Baddeley na Ingila, sun sa mutane riƙe jerin lambobi a ka ana yi musu kiɗa, suka tarar kiɗa mai waƙa ya fi kiɗa zalla rikita musu lissafi. Wannan ya fi shafar mu Hausawa, domin a wurinmu waƙa ce sarauniya, kiɗa ɗan rakiya ne. Kalangun Mamman Shata, kotson Musa Ɗanƙwairo, kuntigin Ɗan Maraya Jos, duk shimfiɗa ce da ake yi wa magana ta zauna. Ba a yi Bakandamiyar Shata don ta tsaya a bayan fage ba, kowane ɗango nata so yake ka juya shi ka gano inda habaicin ya nufa. Haka waƙoƙin fina-finan Kano, waɗanda tun daga Sangaya a 1999 suka zama su ne ke sayar da fim. Wanda ya buɗe littafin kimiyya ya saki irin waɗannan, idonsa na bin layi ne kawai, hankalinsa kuwa yana wajen amshi.

To, sai wani ya ce shi ke nan, a koma ga kiɗan fim marar waƙa, irin na Ennio Morricone ko Hans Zimmer, ko wanda A. R. Rahman ke shimfiɗawa a ƙarƙashin fina-finan Indiya. Nan ma akwai tarko, sai dai ya fi na farko ɓoyuwa. Kiɗan fim an ƙera shi ne don ya gaya wa zuciya abin da za ta ji. Duk mai kallo ya san wannan: kafin kishiya ta kwance ƙullin magani a kan tuwo, kiɗa ya riga ya yi ƙasa-ƙasa yana kaɗa maka gaba, kafin uwa ta fashe da kuka goge ya riga ya fara yi mata. A fim wannan gwaninta ce, domin an auna kowane sauti da abin da ido ke gani. Amma ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ka kai inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke shirya wa juna tsiya, sannan a ce kiɗan makoki ne ke tashi a kunnenka. Barkwancin zai mutu a hannunka, ka ɗauka laifin marubuci ne. Marubucin ƙwarai yana da nasa kiɗan a cikin jimla, inda zai ja numfashi da inda zai datse. Masu karanta littattafai a rediyo da YouTube da ke sa fiyano a ƙarƙashin murya, aƙalla sukan zaɓi sautin da ya dace da wurin. Wanda ya saki jerin kiɗe-kiɗe barkatai daga memori kuwa, ya ba wa wanda bai taɓa karanta littafin ba ikon fassara masa shi.

Kiɗan da ya dace da karatu shi ne wanda ba ya hawa ba ya sauka, wanda in ya ƙare sai an jima za ka lura. Akwai shi a cikin ayyukan Bach na fiyano masu tafiya a hankali, amma ba sai an tsallaka teku ba. Busar sarewar makiyayi, gurmi ko garaya ko molo in ba a ɗora musu waƙa ba, da kiɗan kora zalla irin wanda Toumani Diabaté na Mali ya fitar a faifansa Kaira a 1988, duk suna iya wannan aiki, kuma kunnenmu ya fi sabawa da su.

Akwai masu cewa ai kiɗan Mozart ƙara basira yake yi. Asalin maganar wani gwaji ne da aka yi a 1993 a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, da ɗalibai 36. An sa musu kiɗan na minti 10 kafin a ba su aikin gane siffofi, suka ɗan fi yin ƙoƙari, amma kafin minti 15 tasirin ya gushe. A lura, kafin aiki suka saurara, kuma ba karatun littafi aka ba su ba. Duk da haka labari ya yi ta ƙaruwa a baki, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a raba wa jarirai faifan irin wannan kiɗa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna duk abin da ya wartsake mutum ya faranta masa rai kan yi kusan hakan. Ba a samun ilimi ta iyafis.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu ja da ni ita ce ta tsangaya. Za a ce ga almajirai kewaye da wuta, kowa da allonsa da surarsa, kowa na ɗaga murya, amma a haka ake fitar da alarammomi, to ina batun shiru? Amsa ita ce almajiri da ƙarfi yake karatu, muryarsa ce katangarsa, ita ta cika masa kunne ta kore ta maƙwabcinsa. Kuma hadda yake yi, yana maimaita aya guda har ta zauna, wanda ya bambanta da bin hujja daga shafi zuwa shafi. Hasali ma gardin da ya zo satu, yana rubuta Alƙur'ani da ka, keɓewa yake nema. Ta fuskar addini kuwa, malamai sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, kuma babu mai hankalin da zai haɗa su da tilawa. Wanda ya riƙi fatawar barin kiɗa gaba ɗaya bai yi asarar komai ba a karatunsa, domin shiru shi ne asali, kiɗa kuwa lalura ce ta kawo shi.

Saboda haka shawarata ga yaranmu mai sauƙi ce. Karatu mai nauyi, irin lissafi da nahawu da fiƙihu, a nema masa bayan asuba, lokacin da injuna ba su tashi ba. In dare ne kawai ya samu kuma unguwa ta ƙi yin shiru, a sa kiɗa marar waƙa, a rage shi sosai. In an gama babi a rufe littafi a faɗi abin da ke ciki da ka. In ya ƙi fitowa alhali kiɗan na ta yawo a kai, an san wanda ya ci lokacin. Mu iyaye kuma, kafin mu yi wa yaro faɗa don ya toshe kunne, mu dubi ko akwai ɗaki ɗaya a gidan da za a kashe masa rediyo da talabijin na awa biyu. Yaran da yawa ba son kiɗa ne ya kai su ba, gudun surutunmu suke yi.